Ƙaramin Jirgi, Ƙaton Inji, da Ɗaurin Aurena

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, kuma ko na so in manta mutanen Wudil ba za su bar ni ba. Kowane ango da farin ciki yake tuna ranarsa. Ni ma da farin cikin nake tuna tawa, sai dai akwai wata kunya da take biyo bayansa, wadda har yau in ta taso mini ina cikin cin abinci sai na ajiye cokali. Gara in ba ku labarin da bakina, don masu bayar da shi a majalisa sun zuba masa gishiri har ya yi yawa (akwai mai cewa wai kuka na yi wiwi ina kiran mahaifiyata, wannan sharri ne, kiran nata kawai na yi).

Ɗan shagon gyaran waya gare ni a kusa da gadar Wudil. Daga ƙofar shagon ana hango kogi, ga masu ɗibar yashi da kwale-kwalensu, ga masunta, ga masu wanki sun shanya kaya a kan rairayi. Ni kuwa Allah ya halicce ni da son duk abin da yake da inji kuma yake gudu. In na ji ƙarar babur mai kyau ya wuce, sai na bar wayar mutane a buɗe na leƙa. Wata rana wani ɗalibin jami'a ya kawo gyara, ina gwada wayar sai na ci karo da bidiyon wasu samari a Legas cikin jirgin ruwa mai inji, yana tsaga ruwa, farin kumfa na tashi a bayansu. Na kalla, na maimaita, na sake maimaitawa, har mai wayar ya tambaye ni ko gyaran ne bai yi ba. Tun daga ranar jirgi ya shiga raina ya zauna. Na tsara abin tsaf a kaina: da yamma in riƙa ɗaukar ɗalibai suna zagaya kogi suna hotuna, ranar kasuwa kuma in tsallakar da mutane.

A daidai wannan lokacin nake neman auren Hafsatu. Karatu ne ya kawo ta Wudil, tana zaune wurin gwaggonta, amma asalinta 'yar wani ƙauye ce a hayin dam ɗin Tiga. Ita ba ta da matsala da ni. Matsalata mahaifinta ne, Malam Garba, dattijo marar yawan magana, wanda in ya kafe ka da ido sai ka fara tuna laifukan da ka yi tun kana firamare. Da Kawu Ilu, ƙanin mahaifina marigayi kuma babba a gidanmu, ya je nema mini aurenta, ga abin da Malam Garba ya faɗa masa:

"Alhaji, yaronku ba shi da wani mugun hali, na bincika. Amma rawar kai ta yi masa yawa. Na ba ku, a sa rana. Sai dai in na ga abin da hankalina bai kwanta da shi ba, ko ranar ce zan ɗaga."

Kawu ya dawo ya karanta mini wannan magana ba ragi. Mai hankali da ya ji haka sai ya shiga taitayinsa har a ɗaura. Ni kuwa sai na fassara ta da cewa dattijon yana so ne ya ga na yi wani babban abu, ya san ba ƙaramin mutum zai ba 'yarsa ba.

Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan abin da na tara a shago, na ɗauki abokina Sabo, mai tuƙa adaidaita sahu, muka tafi wurin wani mutum da yake kawo tsofaffin jiragen ruwa na faiba, wato roba mai tauri, daga kudu. Jirage biyu ne aljihuna zai iya ko da kallo. Na farko dogo ne, mai faɗin ciki, gefensa ya yi tsawo har kusan ƙuguna, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. Zai ɗauki mutane da buhunansu, amma in na saye shi, abin da zai rage ba zai sayi komai ba sai wani ɗan tsohon inji mai tari. Na biyun kuwa, wayyo Allah! Ɗan ƙarami, ja da fari, hancinsa a tsuke, gefensa ƙasa-ƙasa, yana walƙiya a rana. In na ɗauke shi, canjin zai ishe ni in ɗora masa wani ƙaton inji da na gani jingine a jikin bango, wanda tun shigarmu idona yake kansa.

Mai jiragen ya tambaye ni, "A wane ruwa za ka yi aiki da shi?"

Na ce, "Alhaji, ruwa ai ruwa ne."

Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da cin goronsa.

Na juya wurin Sabo don shawara (kada ku taɓa neman shawara a wurin wanda ya fi ku zumuɗi). Ya zagaya dogon jirgin yana taɓe baki.

"Mutumina, wannan ai na 'yan yashi ne. Wace ɗaliba ce za ta shiga wannan ta yi hoto? Dubi ɗan jan nan, wallahi ko a tsaye yake kamar gudu yake yi. Ka ɗora masa injin can, magana ta ƙare."

Abin da nake so in ji ke nan. Na biya, aka ɗora mana jirgi da inji a akori-kura, muka dawo Wudil bakina har kunne. Kuɗin ya ƙare kaf a kan injin, don haka rigar kariya ta ruwa na ce sai kasuwa ta buɗe, kuma da kasuwar ta buɗe ban sake tunawa da ita ba.

Jama'a, na ji daɗin duniya a watannin nan! Rani ne, kogin Wudil ya kwanta lumui kamar an shimfiɗa tabarma. In na ja igiyar inji ya tashi, na murɗa totur, sai hancin jirgin ya ɗaga sama, iska ta cika mini kunne, masu wanki su miƙe suna kallo, direbobi su rage gudu a kan gada. Ɗalibai suka riƙa layi. Masu yashi suna zagina saboda ina girgiza musu kwale-kwale, ni kuwa ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Kafin wata ya zagayo sunana na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Kyaftin. Har fenti na sa aka rubuta shi a jikin jirgin, kaina ya kumbura ya yi suntum.

Ranar ɗaurin aure ta faɗo a ƙarshen bazara, ana ta zafi ana jiran ruwan fari. Tsarin da manya suka yi mai sauƙi ne: motoci su tashi daga Wudil da safe, su zagaya dam ta wata hanyar burji mai ramuka, a isa da hantsi a ɗaura. Ni kuma ina kwance sai wata dabara ta faɗo mini, har na tashi zaune don murna. Me zai hana a ɗora jirgina a mota zuwa wannan gefen dam ɗin, in yanke ta tsakiyar ruwa, in ɓullo a ƙofar gidan surukina, wanda yake dab da gaɓa? Na hango abin a idona: taro ya cika, sai a ji ƙara daga nesa, kowa ya waiwayo, sai ga ango cikin farar shadda yana tsaga ruwa da jirginsa na kansa. Malam Garba ya gyaɗa kai ya ce lallai yaron nan ya kai.

Na kira Hafsatu na ɗan tsegunta mata. Sai ta ce, "Kyaftin, don girman Allah ka zo a mota kamar kowa. Ruwanmu ba irin naku ba ne, in iska ta taso ba ya jin magana."

Na yi dariya na ce, "Haba amarya, ba ki ga injina ba ne."

Bai ishe ni in jefa kaina ni kaɗai ba, sai na ga abin ba zai yi armashi ba sai da Kawu Ilu a ciki. Ku tuna shi ne wakilina. A ɗaurin aure ango ko yana nan ko ba ya nan ba a damu ba, amma in babu wakilin da zai nema kuma ya karɓa masa, sai dai kowa ya koma gida. Wato na ɗauki mutum guda da auren ba zai yiwu ba sai da shi, na ce shi zan saka a ɗan jirgina. Kawu kuwa, Allah ya ba shi jiki, in ya shiga adaidaitar Sabo ba a ƙara ɗaukar kowa a baya. Yana fama da ciwon baya, kuma ta nan na ɓullo masa.

"Kawu, hanyar burjin nan za ta ƙarasa muku bayan nan. Ta ruwa kuwa sumul, babu rami ko ɗaya. Kafin ku gama cin goro guda mun isa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan nan, ka tabbata?"

"Kawu, ai ba a banza ake ce mini Kyaftin ba."

Ranar ta zo. Na ci ado, babbar riga fara ƙal ta sha sitaci da bugu, hula zanna sabuwa, takalmi sau-ciki da ban taɓa sawa ba. Motocin 'yan ɗaurin aure suka kama hanyarsu, mu kuma, ni da Kawu da Sabo, muka bi akori-kurar da ta ɗauko jirgi zuwa bakin dam. Na sauko na dubi ruwan. A Wudil in ka tsaya a wannan gaɓar kana iya gaisawa da na waccan. Nan kuwa hayin can sai wani siririn baƙin layi da ƙyar ido yake kamawa. Ɗan jirgina da yake cika ido a ƙarƙashin gada, da aka sauke shi a nan sai ya koma kamar an jefa ludayi a randa. Amma ruwan a kwance yake, rana tana haskawa, don haka na dake na ce bismillah.

Sabo ya shiga gaba. Muka tallafa wa Kawu ya zauna a tsakiya, sai jirgin ya nutsa har tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce taƙi guda ba. Kawu ya leƙa dama, ya leƙa hagu.

"Kai, wannan abin na manya ne kuwa?"

"Ku dai riƙe hularku, Kawu."

Na ja igiya, na murɗa totur, muka cilla. Wallahi farkon tafiyar nan ko a mafarki sai haka! Iska mai sanyi tana dukan fuska, ruwa yana rabewa biyu, tsuntsaye suna tashi a gabanmu. Sabo ya miƙa hannu sama yana ihu yana ɗaukar bidiyo. Kawu da ya fara da salati, sai ga shi yana dariya har ana ganin jan goron haƙoransa.

"Ashe haka abin yake! Ɗan nan, ƙara mata wuta!"

Na ƙara. A zuciyata na riga na gama shirya irin murmushin da zan yi in na sauka, na ƙasaita amma da ladabi.

Mun kai wajen tsakiya sai na ji iskar ta sauya. Na waiwaya gabas, sai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ban san lokacin da ya taru ba. Kafin in ce wani abu ruwan da yake kwance ya fara tattarewa, ƙananan igiyoyin ruwa suka fara marin gefen jirgi, sannan manya suka biyo baya. Ni ban taɓa ganin ruwa ya miƙe tsaye ba sai ranar. Igiya ta farko ta ɗaga mu ta maka da ƙasa, Kawu ya dafe baya ya ce, "Wash! Ka ce babu rami!"

A nan na gane abin da na saya. Jirgin gajere ne, ba ya iya hawa kan igiya biyu a lokaci guda, sai dai ya faɗa tsakaninsu ya sake tasowa. Ƙaton injin da nake taƙama da shi ya danne bayan jirgin, ga ni ni ma a bayan. In na ƙara wuta, hanci ya tashi sama mu faɗo tim, ruwa ya watso ta gaba. In na rage, igiyar da take bin mu ta hauro ta baya ta zubo mini a cinya. Babu daidai a ko'ina. Ga babbar rigar Kawu, ita ma ta sha sitaci, iska ta shige ta ta hannuwa ta kumbura ta, ta riƙa juya mu duk inda ta ga dama.

"Kawu, ku naɗe rigar! Ku naɗe ta!"

"In naɗe ta in kai ina? Kai dai ka tuƙa abinka!"

Ruwa ya kawo mana idon sawu. Sabo ya ajiye waya ya hau neman abin kwarfa, babu, don na fitar da tsohuwar robar da nake ajiyewa saboda kada ta ɓata wa jirgin ango kyau. Sai ji na yi an fizge mini takalmi daga ƙafar dama. Da sabon sau-cikina Sabo ya riƙa kwarfar ruwa, yana yi yana cewa, "Ai na faɗa maka dogon nan ya fi!" (Allah ya isa tsakanina da Sabo a kan wannan maganar.) Hulata ta tashi, ko kallonta ban yi ba. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo na karanto ta, har ta shiga kasuwa sai da na haɗa.

Cikin ikon Allah muka matso. Na fara hango rumfuna, na hango motocinmu a jere, wato waɗanda suka bi hanyar ramuka tuni sun isa har sun sha ruwa. Ƙarar injin ta jawo hankalin taron kamar yadda na tsara, kowa ya taso ya yi cincirindo a bakin ruwa. Burina ya cika ke nan, duk garin ni yake kallo.

Tsakaninmu da gaɓa akwai wata busasshiyar kirya a tsaye cikin ruwa, irin bishiyoyin da dam ya cinye tun da daɗewa, ba ganye, sai rassa biyu a sama. Wata igiya ta kwashe mu ta nufi jikinta da mu. Abin da na riƙa faɗa wa mutane daga baya shi ne, na miƙe ne don in riƙe bishiyar in tsayar da jirgin har iska ta lafa. Gaskiyar magana kuwa, na ga abu guda a duniyar nan da ba ya motsi, sai jikina ya yanke hukunci bai shawarce ni ba. Na saki totur a murɗe, na yi tsalle na rungume kirya hannu da ƙafa. Jirgi kuwa ya zame daga ƙarƙashina ya yi gaba da Kawu da Sabo.

Sabo ya rarrafa ta kan cinyar Kawu ya cafke hannun injin. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma mutumin da yake ratsa kasuwar Wudil da adaidaita ranar Juma'a ba ya rasa dabara. Da nauyina ya ragu a baya jirgin ma ya ɗan daidaita. Ina kallo suka nufi gaɓa a karkace, suka haye rairayi da gudu, Kawu ya gangaro waje a hankali kamar buhun gero. Mutane suka ɗaga shi, ya miƙe da ƙafafunsa, aka yi ta hamdala. Sai kuma duk suka juyo gaba ɗaya suka dubi ruwa.

Ga ango can a manne da bishiya, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, babbar riga ta jiƙe ta yi nauyi tana ja na ƙasa, igiya tana zuwa tana marin bayana tana wucewa. Na iya iyo, ɗan Wudil ne ni, amma ba cikin wannan rigar ba, ba kuma cikin wannan ruwan ba. A nan ne na ɗan kira Inna. Na ɗauka tsakanina da Ubangijina ne, ashe iskar daga bayana take busowa, tana kwasar muryata tana kai wa taron tas, har ɓangaren mata.

Masuntan garin suka ce a bari iska ta ɗan sassauta kafin su fito, tunda ya sami abin riƙo ba abin da zai same shi. Liman ya dubi sama ya ce ruwa yana dab da saukowa, ko a yi abin da ya tara mutane ko a watse. Sai kowa ya juyo yana kallon Malam Garba.

Daga inda nake ina hango shi. Ya tako har bakin ruwa, ya goya hannuwa a baya, ya tsaya yana kallona. Ya daɗe a haka. A lokacin na manta da igiya, na manta da sanyi. Tsoron da ya kama ni ya fi na nutsewa, don na san mutumin nan ba ya magana biyu, kuma na kawo masa hujja har ƙofar gida, a gaban danginsa da nawa. Na tuna Hafsatu tana cikin gida da lalle a hannu, ta roƙe ni da girman Allah na yi mata dariya. Na kifa goshina a jikin kirya, na ce shi ke nan, na kashe aurena da hannuna.

Abin da aka tattauna a gaɓa Sabo ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Kawu ya matso yana matse hannun riga, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce:

"Malam, ba mu da bakin magana. In ka ce a ɗaga, wallahi ba mu ga laifinka ba."

Malam Garba bai ɗauke ido daga kaina ba. Ya ce, "Alhaji, kai ne wakili, ka kuma iso ko?"

"Na iso, da ƙyar."

"Shaidu ga su nan. To a ɗaura. Tun da na san yaron nan ban taɓa ganin ya tsaya wuri ɗaya ya natsu ba sai yau. A yi maza a ɗaura kafin ya sauko."

Ni ban ji wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne mutane sun juya sun koma kan tabarmi sun zazzauna, na ce to, shawarar yadda za a sallami mutanen Wudil ake yi. Can sai na ji lasifika ta yi ƙara. Sanƙira ya ɗauko ta ya taho har bakin ruwa, ya juyo bakinta saitin bishiyata, ya kira sunana da na mahaifina, ya kira sunan Hafsatu da na mahaifinta.

"An nema, an bayar, an karɓa! Aure ya ɗauru! Ango, in kana jinmu ɗaga hannu mu gani!"

Jama'a, ban san lokacin da na saki hannu ɗaya na ɗaga sama ba, har na zame sai da na sake cafkar reshe. Taron ya ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Da aka ce Fatiha, kowa ya ɗaga hannu biyu, ni na ɗaga guda, na shafa da shi, na mayar da shi bakin aikinsa. Dariya nake, murna kamar in yi tsalle, sai dai babu wurin tsallen. Ban taɓa jin daɗi da kunya sun haɗu a cikina lokaci guda irin na wannan rana ba.

Da iska ta lafa aka fara yayyafi, wani dogon kwale-kwale mai faɗi ya taho a hankali, aka ɓamɓare ni daga jikin kirya, don hannuwana sun ƙi buɗewa da kansu. Aka kai ni gaɓa. Na ratsa mutane, kowa yana cewa "Allah ya sanya alheri, Kyaftin" yana danne dariya, har na isa gaban surukina. Na cire ragowar takalmin, na durƙusa, ruwa yana taruwa a ƙarƙashina.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Sannu da zuwa, ango. Ya hanya?"

"Hanya lafiya, Baba."

"Madalla. Amarya dai ta mota za a kai ta."

Na ce, "Ta mota, Baba." Kawu Ilu kuwa bai yi mini magana ba sai bayan sallar layya, kuma har yau in zai gabatar da ni ga baƙo cewa yake, "Wannan ne ɗan da ya bar ni a ruwa."

Ban daina harkar jirgi ba, don son abin yana nan. Na dai rabu da ɗan jan da ƙaton injinsa, na nemi mai faɗi mai zurfin ciki, na cika shi da rigunan kariya, muna tafiya a hankali ɗalibai suna ƙorafin ba na gudu. Abin da na koya shi ne, in aljihunka bai kai ka sayi babban jirgi da babban inji ba, zuba kuɗin a jikin jirgin, don inji gudu kawai ya iya, bai san yadda ake hana ruwa shigowa ba. Ka kuma auna jirginka da ranar da ruwa ya yi fushi, ba ranar da yake barci ba. In kuwa ka nace sai ka yi gwaji, to kada ka zaɓi ranar da surukinka yake tsaye a bakin gaɓa.

Mai hoton da aka ɗauko ranar bai yi asarar zuwansa ba. Ya ɗauki taron daidai lokacin Fatiha, dattawa a jere hannuwa a sama, dam a bayansu. Hafsatu ta sa an wanke shi babba, ta rataye a falo, ta ce in na taɓa shi sai ta koma gidansu. Duk baƙuwar da ta zo sai ta tsaya tana duba fuskoki, ta ga Kawu a jiƙe, ta ga Sabo riƙe da takalmi guda, sannan ta tambaya, "To wai ina angon?"

Sai Hafsatu ta miƙe, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan farin ɗigo can cikin ruwa, ta ce, "Ga shi nan, yana tahowa."